Damina Ta Sauya Hali: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ruwa, Zafi da Noma a Kebbi da Zamfara

Waɗannan su ne tambayoyin da manoman tudu da na fadama suka fi yi, tun daga Kamba har Zuru, tun daga Shinkafi har Ɗansadau. An gina amsoshin a kan abin da ma'aunan ruwan sama suka nuna cikin gomman shekaru, da abin da aka gwada a gona aka ga amfaninsa.

Da gaske ne ruwan sama ya ragu, ko dai kewar zamanin da ce ke damun dattawa?

Ya danganta da shekarun da mutum yake aunawa da su. Shekarun 1950 zuwa farkon 1960 lokaci ne na ruwa mai yawa a duk faɗin Sahel, daga Senegal har Sudan. Daga wajen 1968 ruwa ya fara ja da baya, aka yi farin 1972 da 1973, sannan na 1983 da 1984 wanda ya fi na farko muni a wurare da dama. Tsakanin shekarun 1950 da na 1980 ruwan yankin ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Abin da wannan ke nufi a ƙasa shi ne, ruwan da gari ya saba samu ya koma sai an yi tafiyar fiye da kilomita 100 kudu kafin a same shi.

Daga shekarun 1990 jimillar ruwan ta fara farfaɗowa, ko da yake a wurare da yawa ba ta koma ta shekarun 1950 ba. Saboda haka dattijo ɗan shekara 80 da ya ce ruwa ya ragu gaskiya ya faɗa, magidanci ɗan shekara 45 da ya ce yanzu an fi samun ruwa fiye da lokacin ƙuruciyarsa shi ma bai yi ƙarya ba. Kowa da shekarun da ya buɗe ido a cikinsu.

Fari kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yunwar Kakalaba ta 1914 ta biyo bayan daminar 1913 da ta gaza, tun kafin kowa ya san zancen ɗumamar duniya.

To in jimillar ruwa ta dawo, me ya sauya?

Yadda yake sauka. Nan ne gaɓar maganar baki ɗaya. Ruwan da a da yake rarrabuwa cikin kwanaki masu yawa, yau kaɗan gobe kaɗan, yanzu yakan taru ya zubo kamar da bakin ƙwarya cikin sa'a biyu, sannan sama ta yi shiru kwana goma. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya gano cewa hadari mafi ƙarfi a Sahel ya ninka sau uku wajen yawan aukuwa cikin shekara 35. Dalili biyu ne a gaba: hamadar Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, wanda ke ƙara wa hadari ƙarfi, kuma duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100.

Ga lissafin da zai nuna nauyin abin. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta guda. Ruwan milimita 80 a dare ɗaya lita 800,000 ke nan a kan hektarka. Ƙasar da ta daɗe ba ta ga takin gargajiya ba, wadda samanta ya yi ɓawo, ba ta iya shanye wannan da sauri. Mafi yawansa gudu yake yi, ya kwashi ƙasar sama mai laushi da takin da ka zuba, ya yanka kunya, ya faɗa korama. Ma'auni zai rubuta 80, amma abin da saiwar gero ta amfana da shi wataƙila bai kai rabi ba. Shi ya sa ake ganin shekarar da aka yi ambaliya a watan Agusta, kuma a wannan shekarar dawa ta sha fari a Satumba.

Shekara nawa ake dubawa kafin a ce yanayi ya sauya?

Talatin. Hukumar kula da yanayi ta duniya tana amfani da matsakaicin shekara 30, kuma wanda ake aiki da shi yanzu shi ne na 1991 zuwa 2020. Damina biyu ko uku a jere, masu kyau ko marasa kyau, ba su isa hujja ba, domin a yankinmu bambancin ruwan bana da na bara kan fi girman sauyin da ake samu cikin shekara ashirin. Wanda ya sayar da gonar tudu don fari biyu, ko ya gina gida a bakin fadama don shekara biyar ba a yi ambaliya ba, ya yanke hukunci da gajeren ma'auni.

Kebbi da Zamfara yanayi ɗaya suke da shi?

A'a, kuma ko cikin jiha ɗaya ma akwai tazara. Ruwa yana ƙaruwa ne in ana gangarawa kudu. Arewacin Kebbi, irin su Augie, Argungu da Arewa, da arewacin Zamfara, irin su Shinkafi da Zurmi, sukan samu tsakanin milimita 600 da 800 a shekara, daminar shuka kuma wata uku ce zuwa uku da rabi. Zuru, Yawuri, Sakaba da Ɗansadau sukan kai 1,000 ko su haura, daminarsu na iya kai wa wata biyar. A kudu ruwan shuka kan zauna daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni, a arewa kuwa sau da yawa sai ƙarshen Yuni. Don haka shawarar iri da ta dace da manomin Zuru tana iya jawo wa na Augie asara.

Me ke jawo wannan? Sare itatuwa ne?

Daminarmu ta dogara da haɗuwar iska biyu: mai danshi da ke tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, da busasshiya mai ƙura daga hamada. Layin da suke haɗuwa yana hawa arewa daga bazara, ya kai ƙarshen tafiyarsa a Agusta, sannan ya juyo. Iya nisan da ya kai da iya daɗewarsa su ne ke yanke yawan ruwan shekara.

A shekarun 1970 masana da yawa sun ɗora laifin fari a kan kiwo da sare daji. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa babban abin da ya juya damina a lokacin shi ne zafin ruwan teku: arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka kwatanta da tekunan kudu, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a wannan sanyin. Haka nan shekarar da tekun Fasifik ya yi ɗumin da ake kira El Nino, ruwan Sahel yakan yi ƙasa. A kan duk wannan ne kuma ɗumamar duniya ta hau. Iskar kabon da ke sararin sama ta tashi daga kusan 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau.

Kada a ɗauki wannan a matsayin wanke mai gatari. Sare itace bai isa ya hana hadari tasowa daga teku ba, amma shi ne ke sa ruwan da ya sauka ya gudu, iska ta kwashe ƙasa, rijiya ta yi nisa.

Zafi fa? Ai dama ƙasarmu mai zafi ce.

Haka ne, sai dai shi ne abin da ma'auni ya fi nunawa ba tare da gardama ba. Ruwa yana hawa yana sauka, zafi kuwa hawa kawai yake yi. Duniya ta ƙara fiye da digiri ɗaya tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma 2024 ita ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa har zuwa lokacin. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. A Sahel zafin dare ya fi na rana saurin ƙaruwa, kuma wannan yana cin amfanin gona a ɓoye: shuka tana haɗa abinci da rana, da dare kuma tana ƙona wani sashe nasa, in daren ya yi zafi sai ta ƙona da yawa, ƙwaya ta fito ba nauyi.

Zafi kuma yana ƙara wa ƙasa ƙishi. A Maris da Afrilu gonar da ake ba ruwa tana iya rasa milimita 7 zuwa 8 a yini, wato lita 70,000 zuwa 80,000 a hekta. Ko da ruwan sama bai ragu da ɗigo ɗaya ba, ƙarin zafi kaɗai ya isa ya sa hutun ruwan sama na kwana goma ya yi ɓarnar da a da sai na sati biyu ke yi.

Ruwan farko yana yaudararmu, mu shuka ya bushe. Yaya za a gane ruwan shuka na gaskiya?

Ma'aunin da masana noman Sahel suka daɗe suna amfani da shi shi ne: a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fiye da kwana bakwai ba ruwa a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Sharaɗi na farko kana iya aunawa. Na biyu kuwa gaibu ne, saboda haka sai a haɗa da kalanda da hasashe.

Da safe bayan ruwa, haƙa rami da fartanya a wurare uku na gonar, har da inda ya fi tudu. In laima ta kai taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, kuma ƙasar ta dunƙulu a hannu, an cika sharaɗi na farko. In yatsa uku kawai ta jiƙa, ƙasa da nan busasshiya, iri zai tsira ya mutu, domin saiwa za ta tarar da ƙasa mai zafi. Sannan ka dubi kwanan wata. Ruwa mai ƙarfi a farkon Mayu a Argungu ko Ƙauran Namoda, komai yawansa, galibi mai wucewa ne. Ka dubi iska kuma: in da yamma har yanzu tana kaɗawa daga gabas ko arewa, busasshiya, damina ba ta zauna ba.

Wanda yake da gona fiye da ɗaya, ko babba, ya raba shukar kashi biyu ko uku da tazarar ruwa ɗaya ko biyu, kuma ya ajiye aƙalla kashi ɗaya cikin uku na irinsa don sake shuka. Gero ya fi jure kuskuren farko. Masara da gyaɗa, masu tsadar iri, su jira ruwa na biyu ko na uku. Zuwan shamuwa da tohon itatuwa alamu ne na gaskiya cewa iska ta juya, amma ba sa faɗin ko za a yi hutun sati biyu bayan ruwan farko.

Binne, wato shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, har yanzu yana da amfani?

Ga gero a jigawa, e, domin yana ba ka kwanakin farko kuma irinsa ba shi da tsada. Haɗarinsa yayyafi ne na milimita 5 zuwa 10, wanda ya isa ya ta da iri amma bai isa ya raya shi ba. Kada a yi binne da masara ko gyaɗa, kuma kada a sa takin zamani a rami ɗaya da irin da aka binne.

Wane iri ya dace da daminar yanzu?

Ka fara da lissafi. Ƙidaya kwanaki daga ranar da ka saba shuka zuwa lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a garinku, ka cire kwana goma zuwa sha biyar na ko-ta-kwana. Abin da ya rage shi ne iyakar kwanakin irin da za ka saya. In shukarka ƙarshen Yuni ce, ruwa kuma yana ɗaukewa ƙarshen Satumba, masara mai kwana 120 caca ce.

Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da masara jerin SAMMAZ, a ciki akwai masu nuna cikin kwana 80 zuwa 85 da masu 90 zuwa 95. Akwai dawa SAMSORG 45 da 46 masu saurin nuna, gyaɗa SAMNUT 24 mai kusan wata uku, da wake SAMPEA 14 da 15 masu jure wuta-wuta. Gero SOSAT ya fito ta hannun cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri. A shinkafa FARO 44 ce ta cika fadamun Kebbi, amma ga gonar da ruwa ke shanyewa akwai FARO 66 da 67, waɗanda aka fitar a 2017, masu iya rayuwa ƙarƙashin ruwa har kusan sati biyu.

Iri mai sauri yana da nasa aibu. Shi ke fara nuna a unguwa, tsuntsu ya taru a kansa. Yakan nuna ruwa bai ɗauke ba, zangarniya ta yi baƙi. Karansa gajere ne, mai dabbobi da mai darni ba za su ji daɗinsa ba. Kuma a shekarar da damina ta yi tsawo, kaura da farfara za su fi shi cika rumbu. A ganinmu kuskure ne a watsar da irin gida gaba ɗaya. A arewa a ba mai sauri kaso mafi girma, a kudu a raba kusan daidai.

Hutun ruwa a tsakiyar damina, me za a yi masa?

Lokacin da ya fi ɓarna shi ne sa'ad da gero ke bunni, masara ke fitar da gemu, shinkafa ke ɗauke da ciki. Maganinsa tun rani ake shirya shi, ta hanyar sa ƙasa ta riƙe ruwan da ya zo da yawa.

A gonar da ke da gangare a yi huɗa a gicciye, kada kunya ta bi gangaren. A kowane mita 2 zuwa 3 a datse kwarin kunya da ƙasa, datsin ya ɗan gaza kunyar tsayi, don in ruwa ya yi yawa ya tsallake ta kwarin maimakon ya fasa kunyar. Wannan na ƙasa mai shan ruwa ne, a laka yakan jawo kwanciyar ruwa, saiwa ta ruɓe.

A fako kuma, inda ƙasa ta mutu ta yi tauri, ramukan zai da manoman Burkina Faso da Nijar suka shahara da su sun fi komai aiki. Faɗin rami santimita 20 zuwa 30, zurfi 10 zuwa 20, tazara 70 zuwa 80, a tara ƙasar da aka haƙo a gefen da ke gangare. A zuba ruɓaɓɓen taki cikin tafi ɗaya ko biyu tun bazara, gara ta shiga ta huda ƙasar. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona tsiro, kuma a rairayi ramin cikewa yake yi tun ruwan farko, aikin ya tashi a banza.

Takin zamani kuma a daina zuba shi lokaci ɗaya. Ga gero da dawa, giram 6 na kamfa a kowane gindi, kusan cikin murfin kwalbar lemo, a binne shi ɗan nesa da tsiro, ya fi watsawa. Yuriya a raba ta biyu, a binne a ƙasa mai laima. Wadda aka watsa a busasshiyar ƙasa cikin rana tashi take yi ta bi iska, wadda aka zuba hadari na haɗowa kuma gonar maƙwabci na gangare za ta ciyar.

Ambaliyar fadama daga sama take ko daga madatsun ruwa?

Duka biyun, amma tushenta sama. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya shiga madatsar Bakolori da aka kammala a 1978. Gulbin Rima yana tara ruwan Katsina, arewacin Zamfara da Maraɗi, ya bi ta madatsar Goronyo. Sun haɗu kusa da Sakkwato, suka gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, gulbin Zamfara da na Ka suka ƙara musu, sannan suka faɗa kogin Kwara. Ke nan manomin Suru ko Bunza yana iya ganin ruwa ya cinye masa shinkafa alhali garinsu an kwana biyu ba a yi ko yayyafi ba.

In madatsa ta cika dole a saki ruwa, in ba haka ba ta fashe. Yashi da laka da ke taruwa a cikinta shekara da shekaru suna rage abin da take iya riƙewa, sai ta riƙa saurin cika da saurin ƙafewa. Goronyo da aka yi kuka da ruwanta a ambaliyar 2010, ita ce a ranin 2018 ta ragu zuwa kusan kashi 10 cikin 100. A 2020 kuma, shekarar da Kwara ya kai matakin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ambaliya ta shafe dubban ɗaruruwan hektocin shinkafa a Kebbi. Gumi ta sha nata a Agustan 2024.

Mutanen Bagudo da Yawuri su tuna cewa Kwara sau biyu yake cika. Akwai cikar ruwan kusa daga Agusta zuwa Oktoba, mai laka, akwai kuma ta ruwan ƙasar Gini da ke isowa cikin hunturu. Mai dasa shinkafar rani a bakin kogi ya lissafa da ta biyun.

Abin yi: ka sa alama a jikin itace ko turke iya inda ruwa ya tsaya kowace shekara. Sashen gonar da ruwa ya shanye sau uku cikin shekara goma, kada ka zuba masa jarin damina mai yawa, ka bar ƙarfinka ga rani.

Noman rani ya tsira daga wannan matsala?

Ya tsira daga jiran hadari, ya faɗa hannun zafi da kuɗin mai. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Banki a Kebbi a Nuwamban 2015, shinkafar rani ta bazu sosai, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne na lokaci. Shinkafa tana buɗe fure da hantsi. In zafi ya haura digiri 35 a wannan lokacin, furen ba ya ɗaukar ƙwaya, sai ka ga zangarniya tsaye ƙyam, fara, cike da ƙaiƙayi. Tana fure kusan kwana 30 kafin yanka. Wanda ya yi rainon iri a ƙarshen Janairu, furensa zai faɗa tsakiyar Afrilu. Wanda ya yi gaggawa tun Oktoba kuma, cikinta zai haɗu da sanyin ƙarshen Disamba da Janairu, shi ma yana hana ƙwaya. Raino a Disamba, fure kafin ƙarshen Maris, shi ne tsaka-tsaki. Sanyi yana rage saurin tsiro, don haka kafin dashe a duba ganye huɗu maimakon dogaro da cikar kwana 21 na raino kaɗai.

Alkama ta fi tsanani. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ne lokacinta. In ta makara, ƙwaya za ta cika cikin zafin Maris, ta motse.

Don rage kuɗin mai, yanki bututun roba mai tsawon santimita 30, ka huhhuda rabinsa na ƙasa, ka kafa shi a falar shinkafa rabi a ƙasa rabi a waje, ka kwashe lakar ciki. Kada ka kunna inji sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, sannan ka cika fala zuwa santimita 5. Wannan yana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100. Amma daga mako ɗaya kafin fure zuwa mako ɗaya bayansa, kada fala ta rabu da ruwa. Masu sola su ma su kiyaye: rana kyauta ce, ruwan ƙarƙashin fadama kuwa yana da iyaka, kuma injin tsotso ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8.

Sababbin ƙwari ma sauyin yanayi ne ya kawo su?

Ba duka ba. Tsutsar da ke cin zuciyar masara daga nahiyar Amurka ta zo, an fara ganinta a Najeriya a 2016. Zafi dai yana gaggauta haihuwarta, hutun ruwa kuma yana ba ta dama, domin ruwa mai ƙarfi yana kashe ƙananan. A duba gona sau biyu a mako tun masara tana da ganye uku, a yi feshi da sassafe ko da yamma, a saita bakin famfo cikin zuciyar.

Ruwa yana dukan amfani bayan an girbe. Ina mafita?

Kada dami ya kwana a ƙasa, a ɗora shi a kan gado ko tamfol. Hatsi ya bushe zuwa danshi kashi 13 cikin 100 ko ƙasa kafin ajiya. Gwajin gida: zuba hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ka rufe ka girgiza, ka bar ta ɗan lokaci. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar shanya. Gyaɗa da masarar da suka sha fari a ƙarshe sannan suka jiƙe su ne suka fi kamuwa da fumfuna mai dafi da ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe dafin.

Dashen itace yana tare hamada?

Hamada ba ta tahowa a jere kamar rundunar yaƙi. Ƙasa tana mutuwa ne tabo-tabo, a inda aka tsiraita ta. Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa, amma dashen da ba a ba shi ruwa ba, ba a kare shi daga awaki ba, ba ya ganin damina ta biyu. Abin da ya yi aiki a Maraɗi da Damagaram, a fili mai kusan hekta miliyan 5, ya fi sauƙi: lokacin sassabe a bar kututturen da ke toho, a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a sare sauran, a riƙa yi musu aski duk shekara. Saiwarsu ta riga ta yi zurfi, ba sa neman ban ruwa. Gawo ne sarki a nan, tunda yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa.

Duk raguwar amfanin gona laifin yanayi ne?

Ko kusa. Gonar da a da ake hutar da ita yanzu shekara talatin ana nomanta ba hutu, an kwashe kara, taki ya yi tsada. A Zamfara da kudancin Kebbi rashin tsaro ya hana mutane gonakinsu na nesa masu ƙarfi, ya kuma hana shanu kwana a gona su bar taki. Sauƙin ɗora komai a kan yanayi shi ne ba a tambayar kowa. Gwaji mai sauƙi: in gindin gawo ko tsohon makwancin shanu ya yi kyau, sauran gonar ta yi ja, alhali ruwa ɗaya suka sha, matsalar ta ƙasa ce.

Me ake sa ran gani nan gaba?

Zafi zai ci gaba da ƙaruwa, ruwa mai ƙarfi a lokaci ɗaya zai yawaita. A kan jimillar ruwa, yawancin lissafin masana yana nuna ƙari a tsakiya da gabashin Sahel, da raguwa a can yamma wajen Senegal, tare da alamar damina ta riƙa nauyi a ƙarshenta. Mai gina rumbu, kwalbati ko gida ya yi shiri da ruwan da ya fi wanda ya taɓa gani.

Hasashen hukuma abin dogaro ne? Ni kaina zan iya aunawa?

Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar zaman ruwa, ranar ɗaukewa da tsawon damina na kowace ƙaramar hukuma. Hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, kuma tana fitar da na ambaliya. Ranar da aka ba ka tsakiya ce, ka ba ta sarari na mako ɗaya ko fiye gaba da baya. Hasashen kwana uku ya fi na wata uku inganci, shi ya kamata a duba kafin zuba yuriya ko feshi. Ilimin gobe sai Allah, hasashe kuwa lissafin yiwuwa ne, kuma hadarin yankinmu yana iya jiƙa gari ya bar na kilomita 10 a bushe.

Saboda wannan ne ma'aunin gona yake da daraja. Nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, gindin kuma shimfiɗaɗɗe. Ɗaure shi a kan turke mai tsayin kusan mita ɗaya, a fili, nesa da itace ko ɗaki da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, bakinsa a daidaice. Kowace safiya a lokaci ɗaya, ƙarfe bakwai misali, tsoma rula ka karanta zurfin ruwan da milimita, ka rubuta, ka zubar. In rular tana da ɗan fili kafin sifiri, yanke shi ko ka riƙa ƙara shi a lissafi. Ranar da ba a yi ruwa ba ka rubuta sifiri, kada ka bar gurbin, domin jerin sifirin nan ne zai nuna maka tsawon hutun ruwa. A gefen shafi ka sa ranar shuka, sunan iri, ranar fure, ranar ruwan ƙarshe da yawan dami ko buhun da aka samu.